Yadda Ake Harhaɗa Ƙaramar Motar Kwali a Yi Mata Fenti a Yanayin Yamai

Ƙaramar motar harhaɗawa tana zuwa ne a cikin kwali, sassanta na roba suna manne a jikin wasu siraran sandunan roba da ake kira rassa, tare da tayoyi da gilasai da takardar tambura da littafin umarni, kuma aikin mai ita shi ne ya yanke kowane sashi, ya gyara shi, ya shafa masa launi, ya haɗa su har mota ta tsaya a kan ƙafafunta kamar ta gaske. Duk wanda ya taɓa feƙe kara ko lanƙwasa waya ya yi mota yana yaro ya riga ya san daɗin abin, sai dai a nan komai a kan ma'auni yake. A Yamai ba kasafai ake cin karo da irin waɗannan kwalaye a kanti ba, yawanci sai an yi odarsu ta intanet ko an ba wani matafiyi saƙo, don haka idan gilashi ya tsage ko fenti ya cinye bodi babu inda za a je a sayo madadinsa da yamma. Wannan ne ya sa ƙa'idar da za ta yi ta dawowa a wannan jagora ita ce a gwada kowane gam da kowane fenti a kan wani abu dabam kafin a kai shi jikin motar.

Zaɓen kwali da kayan aiki

A jikin kowane kwali akwai lamba irin 1/24, wadda ke nufin an rage girman motar gaske sau 24 ta kowace fuska. Land Cruiser mai tsawon kusan mita 4 da santimita 80 za ta fito da tsawon santimita 20 ke nan. Kamfanonin Japan da na Turai sun fi yin motoci a 1/24, na Amurka irin su AMT sun fi son 1/25, akwai kuma ƙanana na 1/43 da manya na 1/12 masu tsada da yawan sassa. Mai farawa ya tsaya a 1/24, domin sassan suna kamuwa a hannu kuma ido yana ganinsu ba tare da wahala ba.

Sassan kamfanin Tamiya sun yi suna wajen shiga juna daidai, abin da ke rage wa sabon hannu ɓacin rai ƙwarai. Revell yana rubuta matakin wahala daga 1 zuwa 5 a jikin kwalinsa. Heller na Faransa yana da Renault 4L da Citroën 2CV, Aoshima kuma yana da Toyota Hiace irin wadda ke jigilar fasinja a hanyoyinmu. Wadda ta fi jan hankalin ɗan Nijar wataƙila ita ce Peugeot 405 T16 ta Tamiya, motar da Ari Vatanen ya lashe tseren Paris-Dakar da ita a 1990, a zamanin da tseren ke ratsa Tenere ya faɗo Agadas. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar farawa da ita ba, saboda motar tsere cike take da tambura, kuma lanƙwasa tambari a kan kusurwa aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa. Ta farko ta kasance mai launi ɗaya, idan da hali ma irin wadda bonet ɗinta ba ya buɗewa, wato babu injin da za a harhaɗa.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka ko abin yanke akaifa, wuƙar aiki mai siririn baki ko reza, hantsaki, tsinken sakace, buroshi biyu ko uku masu laushi, salatif na takarda, da sanfefa mai lamba 600 da 1000 da 2000, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan fentin mota. Gam iri uku ake buƙata, kuma kowanne da wurinsa. Gam ɗin roba, irin Tamiya Extra Thin, narkar da fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya, shi ne na yawancin aikin, kuma shi ya kamata a yi odarsa tare da kwalin. Sufa-gulu na ƙananan abubuwa ne da na ƙarfe. Farin gam na kafinta kuwa na gilashi ne da fitilu. Gwangwanin fentin feshi ba a cika yarda a ɗauko shi ta jirgin sama ba, saboda haka mai yiwuwa a kasuwar Katako ko a shagunan kayan gini za a saye shi, kuma wannan yana da sharaɗin da za a zo kansa.

Daga buɗe kwali zuwa gyaran bodi

Kafin a yanke komai a karanta littafin umarni daga farko har ƙarshe, a duba cewa duk rassan sun cika, a kuma yi alama da fensir a kan sassan da launinsu ɗaya don a fentace su tare. Sannan a wanke rassan da ruwa da ɗan sabulun wanke kwano, domin cire maiƙon da ke biyo su daga masana'anta. Ruwan ya zama mai sanyi ko ɗumi kaɗan. A lokacin bazara ruwan famfo na tsakar rana yana fitowa da zafi, gara a ɗebi na randa, kuma a shanya sassan a inuwa, domin siririyar roba tana iya lanƙwashewa a rana, kuma bodin da ya karkace da wuya ya koma daidai.

Ana yanke sashi ne a lokacin da aka zo kansa, saboda lambarsa tana jikin reshe, idan aka zubar da su duka a faranti ba za a ƙara bambance na dama da na hagu ba. A yanka nesa kaɗan da jikin sashin, a bar ɗan kututture, daga baya a share shi da wuƙa a goge da sanfefa. Murɗa sashi da hannu har ya ɓalle yana barin rami ko farin tabo. Bayan haka a gwada haɗa sassan biyu babu gam, a ga inda suka ƙi zama, a kankare wurin. Idan sun zauna, sai a riƙe su a haɗe a taɓa bakin buroshin gam a kan layin haɗin, gam ɗin zai bi layin da kansa ya shige. Yatsa kada ya kusanci wurin, don gam yana bin ƙarƙashin yatsa ya buga zanensa a jikin roba. Gam ɗin roba ba ya kama fenti kuma ba ya kama sassa masu ruwan azurfa, dole a kankare daidai inda za su haɗu har robar ta bayyana.

Bodi shi ne abin da kowa zai fara kallo, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. A ɗaga shi a hasken taga a juya shi a hankali, za a ga wani siririn layi da ya taso, yana bin saman mazaunin tayoyi da gefen rufi har zuwa bamba. Wannan layin wurin da ɓangarorin mazubin da aka zuba robar a ciki suka haɗu ne, babu shi a motar gaske. Inda ido bai gani ba akaifa za ta ji shi. A kankare shi da wuƙa a tsaye, a bi da sanfefa mai lamba 600, sannan 1000 da ruwa. A naɗe sanfefar a jikin ɗan katako mai faɗi, domin idan da yatsa kawai aka goga, kusurwoyin motar za su dakushe ta rasa kamanninta. Ƙananan ramuka a cike su da mastik, a bari ya bushe sarai kafin a goge. Layukan ƙofofi da na bonet kuma a bi su da bayan tsinin wuƙa sau da yawa ba tare da dannawa ba, don su ƙara zurfi kaɗan, in ba haka ba fenti zai cike su motar ta fito kamar ba ta da ƙofa.

Fenti, ƙura da zafi

Fentin da ake amfani da shi iri uku ne: na ruwa, wato akirilik, da na mai, wato inamel, da na laka (lacquer), mai ɗauke da tina mai ƙarfi, wato ruwan tsarma fenti, wanda yawancin gwangwanayen feshi na mota suke cikinsa. Laka yana iya cin fentin mai idan aka fesa shi a kansa, har ya tattare, amma fentin ruwa ko na mai yana zama lafiya a kan laka da ya bushe. Tinar masu fentin mota kuwa tana narkar da robar kanta. Saboda haka duk gwangwanin da aka sayo a kasuwa, a fara fesa shi a bayan farin cokalin roba irin na biki, ko a kan guntun reshe daga cikin kwalin, a bi tsarin da za a bi a jikin motar, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa, sai launi, sai berni, ruwan sheƙi marar launi da ake rufe fenti da shi, a ajiye shi kwana biyu. Idan cokalin ya yi kaushi, ko ya tsattsage, ko ya ƙi bushewa, to an tsira da mota.

A yi wa bodi mariƙi kafin a fara. Gorar ruwa da aka cika da yashi ta isa, a manna murfinta a cikin rufin motar da salatif, ta yadda za a iya juya ta ba tare da an taɓa ba. Fentin shimfiɗa mai ruwan toka yana tona duk wani karce da ya ɓuya, don haka bayan ya bushe a sake dubawa, a gyara, a ƙara fesawa. Idan launin motar fari ne ko rawaya ko ja, shimfiɗar ta zama fara, domin waɗannan launuka ba su rufe duhu da kyau.

A girgiza gwangwani minti biyu cikakku. A fara danna shi a gefe, a ratsa jikin motar da shi daga nisan santimita 20 zuwa 25, a saki bayan an wuce ta, domin farkon feshi da ƙarshensa ne ke tofar da ɗigo. Zagaye biyu ko uku na farko su zama yayyafi kawai, ana hango shimfiɗar ta ƙarƙashi, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani. Zagayen ƙarshe ne ake rage saurin hannu har fentin ya kwanta ya yi sheƙi, a tsaya daidai nan. Idan ya zuba ya yi hawaye kada a taɓa shi, a bari ya bushe kwana biyu ko uku, a goge wurin da sanfefa mai lamba 1000 da ruwa, a sake fesawa.

Littattafan umarni an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, kuma fentin ya fi jin daɗin zafin da bai wuce digiri 25 ba, alhali a watan Afrilu Yamai tana haura 40. A irin wannan zafi fenti yana bushewa a iska kafin ya isa jikin mota, ya sauka a matsayin gari mai kaushi. Maganinsa shi ne a yi feshi da sassafe, bayan sallar asuba da gari ya waye, a kuma matso da gwangwanin kusa kaɗan. Shi kansa gwangwanin kada a bar shi a rana ko a cikin mota, domin zafin da ya wuce digiri 50 yana iya fasa shi. Da damina kuma laima ce matsalar, fenti mai sheƙi yana yin hazo-hazo idan aka fesa shi ana gama ruwa, gara a jira iska ta bushe.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyin safiya ya dace da fenti, amma iska cike take da ƙura, kuma busasshiyar iska tana sa robar da aka goga da ƙyalle ta riƙa janyo ƙura da kanta. A share wurin aiki tun daren jiya, ba a lokacin feshi ba. Da safe a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, a shafe bodin da ƙyalle mai ɗan laima wanda ba ya zubar da zare, a bari ya bushe. A tanadi babbar roba mai tsabta a kusa, ana gama feshi a kife ta a kan motar, a ɗan tokare bakinta da tsinke don tururin tina ya samu hanyar fita. Idan duk da haka wani gashi ya sauka a kan ɗanyen fenti, a ƙyale shi, cire shi bayan bushewa ya fi sauƙi. Feshin a yi shi a fili ko a rumfa mai iska, da abin rufe hanci, nesa da murhu da tukunyar gas, kuma yara su matsa.

Fentin laka yana son kwana biyu ko uku kafin a taɓa shi, da mako guda kafin a goge shi. Na mai yana iya cin mako biyu. Hanci ne alƙali: muddin ana jin warin tina a jikin bodi, cikinsa bai bushe ba ko da samansa ya yi tauri.

Ciki da ƙarƙashi

Kwanakin jiran nan su ne na shasi da inji da kujeru, waɗanda da buroshi ake fentace su. Fentin ruwa yana saurin bushewa a zafi, don haka a tsarma shi har ya yi kaurin madarar shanu, a shafa sau biyu ko uku siriri-siriri, kada a koma kan wurin da ya fara bushewa. Cikin mota ba ya sheƙi, kuma baƙinsa ba iri ɗaya ba ne: na kujera dabam, na sitiyari dabam, na tabarmar ƙasa dabam, kuma wannan ɗan bambancin ne ke sa cikin ya yi kama da gaske idan aka leƙa ta taga. Maɓallai da allurar agogo da tsinken sakace ake ɗiga musu launi.

Tayoyi suna zuwa da layi a tsakiyarsu, a goge shi da sanfefa har tayar ta yi kamar ta taka hanya. A shafa fenti a inda taya za ta zauna a kan ƙarfenta, wanda a nan na roba ne, domin wasu tayoyin suna narkar da robar da ba ta da fenti idan an daɗe, zafi kuma yana hanzarta hakan. Lokacin manna ƙafafu a ɗora shasin a kan gilashi ko tayil mai santsi tun gam bai kama ba, a tabbatar duka huɗun sun taka ƙasa.

Tambura da berni

Tambari yana kwanciya ne a kan fenti mai sheƙi. A kan mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari. A yanko guda ɗaya, a tsoma shi a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 20, a ajiye shi a kan ƙyalle har ya fara zamewa daga takardarsa, a jiƙa wurin da zai zauna, sannan a zame shi kai tsaye daga takarda zuwa jikin mota. A daidaita shi da jiƙaƙƙen buroshi, a matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da auduga. A inda jikin mota ya lanƙwasa ana amfani da ruwan tausasa tambari irin Micro Sol, wanda ke sa shi ya tattare na ɗan lokaci kafin ya miƙe da kansa, kuma a wannan lokacin taɓa shi yaga shi ne. Kwalin da ya daɗe a ajiye tamburansa suna iya farfashewa a ruwa, don haka a fara da wanda ba a buƙata.

Bayan kwana biyu a shafe sauran gam ɗin tambura da ƙyalle mai laima, a fesa berni. Zagayen farko su zama yayyafi sosai, domin berni mai nauyi yana cin tambari. Idan ya yi mako guda, a goge shi a hankali da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa har sheƙin ya dushe bai ɗaya, sannan a dawo da shi da man goge fentin mota mai laushi da tsohuwar riga ta auduga. Farin man goge baki ma yana yi, sai dai a hankali. A kauce wa kusurwoyi, nan ne fenti ya fi siranta kuma nan sanfefa ke fara hudawa.

Haɗawar ƙarshe

Baƙin robar da ke kewaye da tagogi ana yin sa ne da salatif na takarda: a manna, a danne bakinsa da tsinke, a shafa baƙin fenti marar sheƙi, a cire salatif ɗin kafin fentin ya yi tauri. Fitilun baya a shafa musu ja da ruwan lemo masu nuna haske daga ciki, a sa ruwan azurfa a bayansu. Gilashi a riƙe shi ta gefe, a manna shi da farin gam kaɗan a bakin tsinke, wanda ke bushewa garau kuma ana share rararsa da ruwa. Sufa-gulu kada ya kusanci gilashi ko kaɗan, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya gogewa da sauƙi. Sai a buɗa gefen bodi kaɗan a zura shasi, bayan an riga an gwada hakan tun kafin fenti. Madubai da abin share gilashi da eriya da lamba su ne na ƙarshe, saboda su ne masu saurin karyewa.

Wanda yake son motarsa ta fito kamar daga kanti ya gama ke nan. Ni dai a ganina Land Cruiser ko Hiace ko motar tsere ta fi kyau da ƙurar hanya a jikinta, kuma kayan aikin yana ƙarƙashin ƙafarmu. A ɗebo jar ƙasa, a daka ta, a tankaɗe ta da siririn ƙyalle har ta zama gari. Kafin a shafa, a je tasha a tsaya a kalli motar da ta iso daga Tahoua ko Agadas: ƙura tana taruwa a bayan tayoyi, da ƙasan ƙofofi, da ƙofar baya gaba ɗaya, da cikin kowane layi, rufi kuwa kaɗan yake ɗauka, gilashin gaba kuma yana da tsabta daidai inda abin sharewa ke bi. A ɗora garin da busasshen buroshi a waɗannan wurare kaɗan-kaɗan, a hure rarar. A ƙarƙashin mota da mazaunin tayoyi, inda ake son ya yi kauri, a gauraya shi da farin gam da aka tsarma da ruwa.

Motar da aka gama a ajiye ta a akwatin gilashi ko kabad mai rufi, nesa da taga, domin rana tana kashe launi kuma tana sa tambura su yi rawaya. Kada a ɗora ta a gaban mota don ado, zafin wurin yana lanƙwasa roba. Idan ta yi ƙura a kakkaɓe ta da buroshi mai laushi, a ɗauke ta ta ƙarƙashi da hannu biyu. Rassan da suka rage da sassan da ba a yi amfani da su ba a zuba su a gwangwani a adana, da su za a gwada fentin kwali na gaba, kuma idan aka ɗumama guntun reshe a saman kyandir aka ja shi a hankali, yana zama siririn zare da ake yin eriya da wayoyin inji da shi.